Sa'ad da Ciwon Baba Ya Kai Ƙashi

A Tabotaki, kamar sauran garuruwan Adar, labarin rashin lafiyar tsoho ba kasafai yake tarar da 'ya'yansa maza a gida ba. Da an gama girbin gero an kai damma rumbu, samari da magidanta sai su kama hanyar bida: wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Libiya da Aljeriya. Sai damina ta ƙarato su dawo, wani ma sai ya shekara biyu bai leƙo ba. Don haka idan aka kai dattijo babban asibiti aka dawo da takarda, hotonta ne ke bin WhatsApp zuwa ga waɗanda za su biya kuɗin magani. Da Faransanci aka rubuta ta. Sau da yawa wanda ya ɗauki hoton bai iya karanta ta ba, wanda ya karɓa kuma sai ya nemi ɗan boko a unguwar da yake cin rani ya duba masa. A jikinta akwai haruffa uku, PSA, da lamba a gabansu. Likitoci sukan fara sa ido idan lambar ta haura 4. Ga wanda ciwon ya riga ya watsu, ana iya ganin 100, ana iya ganin fiye da 1,000.

Ciwon shi ne kansar furostat, wadda aka fi sani da kansar mafitsara ta maza. Furostat wani ƙullutu ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar da fitsari ke bi ya fito. Idan daji ya kama shi, yakan ɗauki shekaru yana zaune wuri ɗaya, kuma a wannan lokaci ana iya kawar da shi da tiyata ko gashi da na'ura. Idan ya tashi tafiya, ƙashi ya fi nema: gadon baya, ƙugu, haƙarƙari. To, a nan ne likita zai ce ba a maganar warkarwa kuma, sai dai a danne shi, a rage zafinsa, a ja kwana gwargwadon abin da Allah ya nufa.

A duniya ba ƙaramin ciwo ba ne. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2022 maza kusan miliyan ɗaya da rabi ne aka gano suna da shi, kusan 400,000 kuma suka rasu. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa za su kai miliyan 2.9 a shekara nan da 2040, kuma mafi yawan ƙarin mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi zai faɗo. A Turai akasari ana kama shi da wuri. A Afirka ta Yamma galibin masu zuwa asibiti sun zo ne bayan ya yi nisa.

Yadda ake makara

Ba wayar gari ake yi da shi ba. Shekara biyu ko uku kafin takardar, tsoho ya fara tashi fitsari sau huɗu, sau biyar cikin dare. Yana daɗewa a makewayi, in ya fito kuma ya ji kamar da saura. Shi da kansa zai ce tsufa ne, ko sanyi ne ya kama masa mara. Ranar kasuwa ga mai magani ya kafa lasifika a kan mota yana jero basir da sanyin mara da raunin mazakuta, duk a gora ɗaya. Ko jini ya gani a fitsari ba lallai hankalinsa ya tashi ba, domin wanda ya taso yana wanka a tafki ya san tsargiya tun yana yaro. Ciwon baya kuwa ai abokin manomi ne, sai a kira wanzami ya yi ƙaho.

Bai kamata a ɗora wa tsoho laifin duka ba. Yawancin dattawan da fitsari ke ba wahala kumburin furostat ne na shekaru ke damunsu, wanda ba daji ba ne. Dajin kuma a farkonsa sau da yawa ba ya nuna alama ko ɗaya. Abin da ke bambance su shi ne likita ya duba da yatsa ta dubura, a auna PSA a jini, a ɗauki hoton mara (eko), sannan a tsakuro ɗan nama a duba a ɗakin gwaji. Na farko ba ya bukatar na'ura, amma shi ne dattawa suka fi gudu. Sauran kuma ba aikin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye ba ne. Majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da irin wannan ɗakin magani (CSI), zai tura mutum asibitin gunduma a Buza, ko Madawa, ko Keita, daga can a ce Tawa, ko iyali da kansu su nufi asibitin mishan na Galmi, wanda tun 1950 mutanen yankin suka san shi da aikin tiyata.

Akwai kuma inda hukuma ta karkata ƙarfinta. Tun 2006 Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2007 ta ƙara da kansar mata. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe a Madawa tana fama da tamowa da zazzaɓin yara. Duk wannan da hujja, domin can ne mutuwa ta fi yawa. Sai dai dattijo mai ciwon mara bai shiga lissafin kowa ba, sai na aljihun 'ya'yansa. Ragin rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da hukumomin Yamai suka sanar a watan Agustan 2024 ya sauƙaƙa kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje, amma maganin da za a saya a famasi da kuɗin mota suna nan a wuyan iyali.

Abin da ke kai tsoho asibiti a ƙarshe ɗayan biyu ne: ko fitsari ya toshe gaba ɗaya cikin dare, mara ta kumbura, a ɗora shi a babur ko amalanke yana nishi, ko kuma ciwon baya ya hana shi barci har ya fara ramewa.

"Mi likita ya ce?"

Al'ada ce likita ya ja wanda ya kawo maras lafiya gefe ya faɗa masa. Wannan ɗan, ko ƙanen tsohon, shi zai koma bakin gado ya fuskanci tambayar. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ya ce da sauƙi, Baba, sanyi ne, za a ba ka magani." Daga nan sai gida ya rabu biyu, masu sani da wanda ba a so ya sani. Hujjar iyali kullum ɗaya ce: kar a karya masa zuciya, in ya ji zai saki jiki.

Tausayi ne, ba mugunta ba. Amma yana da tsada. Faransawa sun ga irin wannan ɓoyo a fadar shugaban ƙasarsu: an gano kansar furostat a jikin François Mitterrand a ƙarshen 1981, watanni kaɗan bayan ya hau mulki, kuma ta riga ta kai ƙashi. Ba a faɗa wa jama'a ba sai 1992. Ya kammala wa'adi biyu, ya rasu a Janairun 1996. Shekara goma sha huɗu ke nan da ciwon da aka ce ya watsu, ko da yake irin wannan tsawon ba kowa ke samu ba, kuma shi likitocin ƙasa guda ne a kansa. Abin lura a labarin shi ne wanda aka ɓoye wa. Jama'a aka rufe, shi mai ciwon ya sani tun ranar farko, shi ya zaɓi maganinsa, shi ya tsara sauran kwanansa.

Dattijon Tabotaki ma yana da abin tsarawa, kuma galibi ba a rubuce yake ba. A kansa iyakar gona take, shi ya san itacen da aka yi shaida da shi lokacin da aka raba gado da 'yan'uwansa. Shi ya san fadamar albasar da aka ba shi jingina da wadda ya jinginar, da wanda yake bi bashi da wanda ke binsa, da amanar da wani ya ajiye a hannunsa ya tafi bida. Shari'a ta ba shi ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Akwai wanda yake so ya nemi gafararsa, akwai 'yar da yake so ya ga aurenta. Rigingimun gona da ke kai 'yan'uwa gaban hakimi da alƙali, da yawansu daga bakin da aka bari ya rufe bai yi magana ba suka samo tushe. Ban da haka, tsofaffi ba yara ba ne. Wanda ya ga 'ya'yansa sun dawo daga Abijan da tsakar rani, ya ga ana yin shiru in ya shigo, ya riga ya gane. Ɓoyon sai ya bar shi shi kaɗai da abin da ya gane.

Wa zai faɗa masa? Nan al'ada ta tanadi hanya. Ɗan fari, wanda uban ko sunansa ba ya kira, shi ne mafi rashin dacewa da zancen mara da fitsari, ko da shi ke biyan kuɗi. Aminin tsohon, ko taubashinsa, ko limamin unguwa, ko babban jikan da ke wasa da shi, su ne ke iya buɗe maganar ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Ba dole ne a zube masa komai rana ɗaya ba. Ana iya farawa da tambayarsa ko yana so likita ya yi masa bayani da kansa. Wani zai ce a faɗa masa duka. Wani zai ce, "Ku yi abin da kunka ga ya dace, na bar ma Allah." Wannan ma zaɓi ne, kuma shi ya yi shi.

Maganin da ba a son ambata

Dalili mafi ƙarfi na sanar da shi shi ne maganin kansa. A 1941 wani likita a Jami'ar Chicago, Charles Huggins, ya nuna cewa wannan daji da sinadarin mazakuta yake rayuwa, wato testosteron, kuma idan aka yanke masa shi sai ya lafa. Binciken ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1966, kuma har yau a kansa aka gina jinyar wanda ciwonsa ya watsu, daga Amurka har Galmi. Kusan duk sinadarin daga 'ya'yan maraina yake fitowa. Saboda haka hanya biyu ce.

Ta farko allura ce, irin su goserelin da triptorelin, da ake yi duk wata ko duk wata uku. Tana hana jiki yin sinadarin muddin ana yin ta. A makonnin farko takan sa ya hau kafin ya sauka, shi ya sa likitoci ke haɗa ta da ƙwayar bicalutamide don kar ciwon ya harzuƙa. Tsadarta ba ta sau ɗaya ba ce, ta tsawon rai ce, kuma sai an nemo ta a manyan famasi na birni. Ta biyu ƙaramar tiyata ce da ake cire 'ya'yan marainan, ko a kwashe abin da ke cikinsu a bar kwanson. Ba ta wuce kamar rabin awa, ba sai an sa mutum barci gaba ɗaya ba, yakan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, sinadarin kuma ya faɗi cikin sa'o'i. Wajen danne ciwo, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa biyun daidai suke.

A takarda zaɓin ba wuya. A zaure kuwa shi ne zance mafi nauyi da iyali za su taɓa yi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ganin ana yi wa bunsuru da sa fiɗiya, ba zai ji an ambaci irin wannan a kansa ya amsa nan take ba. Wasu 'ya'yan ma ba sa bari maganar ta kai kunnensa. Sai su ce wa likita allura za a yi, kowa ya yi alkawarin abin da zai riƙa aikowa. Allura ta farko da ta biyu sukan zo a kan lokaci. Ta uku sai ta zo daidai da lokacin da aka kori wanda ke Aljeriya, ko naira ta faɗi a hannun wanda ke Legas, ko albasa ta yi kwantai a kasuwar Galmi. A tsallake wata biyu, ciwo ya dawo, a sake tara kuɗi. Maganin da ake yi ana katsewa ya cinye dukiya kuma bai riƙe ciwon ba. Ga gidan da samunsa ke bin damina da kasuwa, tiyatar da ake biya sau ɗaya ta cancanci a ajiye ta a gaban mai jiki da gaskiya, shi ya ce e ko a'a. Abin da bai halatta ba shi ne a yi masa ita bai san abin da za a cire ba.

Masu tsoron hukuncin addini su tambayi malaminsu. Asalin hukunci shi ne haramcin yi wa ɗan Adam haka, amma malaman fiƙihu sun san babin larura, kuma magani da amintaccen likita ya ce shi ne mafita yana shiga cikinsa.

Ko allura ko tiyata, sakamakon a jiki ɗaya ne, kuma gara a sani tun farko: sha'awa takan mutu, zafi yakan taso wa mutum ya jiƙe da gumi ko da cikin hunturu, ƙarfi ya ragu, ƙashi ya yi rauni a hankali, wani ƙirjinsa ya ɗan kumbura. Matan gida suna da haƙƙin sani. A gidan da akwai uwargida da amarya, in ba a yi bayani ba, ba a daɗewa sai an fara zargin wata ta yi wa maigida asiri.

Abin da ke biyo baya yakan ba mutane mamaki. Cikin 'yan makonni ciwon baya ya sassauta, lambar PSA ta gangaro, wani har a cire masa robar fitsari. Tsohon da aka kawo ranga-ranga sai ga shi ya koma sahun farko a masallaci, yana zagaya gona da sanda. Haɗarin wannan lokaci shi ne a ɗauka an warke a daina komawa awo. Dajin ya kwanta ne kawai. Ga mutane da yawa, bayan shekara ɗaya da rabi zuwa uku yakan koyi rayuwa ba tare da sinadarin ba. Daga nan sai magunguna na gaba, kamar ƙwayar abiraterone, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2019, ko ƙarin ruwa na docetaxel. A ƙasashe masu hali yanzu tun farko ake haɗa su da allurar. Lokacin da aka sanar a watan Mayun 2025 cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden na da wannan ciwo kuma ya kai ƙashi, abin da sanarwar ofishinsa ta nuna a matsayin sa'a shi ne cewa nasa irin mai jin maganin sinadari ne.

Yamai ko Sakkwato

Kafin 2021 babu na'urar gashin kansa a duk faɗin Nijar. Mai hali ko mai hanya a gwamnati shi ake fitarwa Maroko ko Tunisiya. A wannan shekara ce Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai ta samu tata, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ga mai ciwon ƙashi wannan babban abu ne, domin gashi na zama ɗaya tak yakan kwantar da zafin wuri guda na tsawon watanni. Ƙwararrun likitocin mafitsara ma a Yamai suka fi yawa, musamman a asibitin Lamorde. Sai dai daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne, ban da tazarar da ke tsakanin Tabotaki da bakin kwalta, kuma mutum mai ciwon gadon baya ne za a zaunar a kujerar mota yini guda. Ga masauki, ga abincin masu jinya, ga jiran layi.

Shi ya sa wasu ke duban kudu. Daga Birnin Ƙonni a tsallaka Illela, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen mafitsara da na gashi. Harshe ɗaya ne, dangi ma akwai. Amma wanda ya dogara da wannan hanya ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024.

Akwai lokaci ɗaya da ba a tsayawa shawarar nisa ko kuɗi. Idan ciwon baya ya tsananta farat ɗaya, ƙafafu suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari da bayan gida suka fara zuba ba da saninsa ba, alama ce dajin ya danne lakar baya. Sa'o'i ake ƙirgawa. Wanda aka kai asibiti yana iya taka ƙafarsa yana da damar ci gaba da tafiya, wanda aka bari ya kwana uku ana tofi da shafe-shafe da wuya ya sake miƙewa. Addu'a da rubutu ba su hana hawa mota, ana iya tafiya da su.

Kuɗi kuwa tsarin fitarsu sananne ne a kowane gida: abin da aka aiko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, sai awakin mata, sai rago, sai shanun noma, daga ƙarshe a jinginar da gona. Gidajen da suka fi tsira su ne waɗanda suka zauna tun farko suka naɗa mutum ɗaya mai riƙe kuɗi da takardu, ya rubuta shiga da fita a littafi, kuma kafin a sayar da kadara aka tambayi likita kai tsaye: wannan tafiya me za ta ƙara masa, kwana ko sauƙi? In amsar ita ce ba ko ɗaya, gonar da za ta ci da marayu ta fi amfani a hannunsu. Dattawa da yawa, in an tambaye su, su ne na farko da ke hana a taɓa ta.

Jinya a ɗaki

Komai nisan da aka je, a gida ake ƙarewa, kuma babban abokin gaba a nan shi ne zafi. Ciwon ƙashi ya fi tashi da dare. Abin da hannu ya fi kaiwa shi ne tramol na 'yan tebur, wanda ba a san ƙarfinsa ko asalinsa ba, da diclofenac da ake sha ba ƙa'ida. Na biyun yana iya ƙarasa ƙodar da toshewar fitsari ta riga ta raunana. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakan maganin zafin kansa, daga parasitamol zuwa morfin, da sharaɗin a sha a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba. Morfin na sha ba shi da tsada, kuma in likita ya tsara shi ba ya gaggauta ajali kamar yadda ake tsoro. Yana dai sa taurin bayan gida, don haka ake haɗa shi da mai sassautawa. Matsalarsa samu. Wani kwamitin Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa. Yuganda ta nuna ana iya gyarawa: Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a can a 1993, aka riƙa haɗa morfin na ruwa cikin gida, daga 2004 kuma aka ba ƙwararrun ma'aikatan jinya izinin rubuta shi, har ya isa ƙauyuka. A Adar har yanzu sai iyali sun buɗe baki sun tambaya a babban asibiti, kuma ya kamata su tambaya kafin su baro birni.

Sai wanda zai yi aikin. Matan wannan yanki sun saba ɗaukar nauyi in maza sun tafi. Su ne mafi yawan waɗanda suka ɗebi duwatsu suka yi gandari a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984. Amma jinyar suruki daban ce. Matar ɗa za ta dafa, za ta wanke tufafi, ba za ta yi masa tsarki ko ta taɓa robar fitsari ba. 'Ya mace ma da iyakarta. Sai komai ya koma kan Inna, matar tsohon, wadda ita ma ta haura sittin, tana fama da gwiwa. Dole ɗaya daga cikin 'ya'ya maza ya haƙura da bida a wannan shekara, kuma adalci shi ne 'yan'uwa su ɗauki nauyin gidansa kamar yadda suke ɗaukar na magani. In ba a faɗi wannan a fili ba, shi ke zama gaba bayan an share makoki.

Aikin kansa ana koyonsa cikin yini ɗaya a wurin majo. Jakar fitsari tana zama ƙasa da mara kullum, a zubar kafin ta cika, a wanke hannu da sabulu, a canza robar a kan lokacin da aka ce. Zazzaɓi da rawar jiki ko fitsari mai wari alama ce ta ƙwayar cuta, a kai shi CSI ranar. Wanda ya kwanta ana juya shi kamar duk awa biyu don kar ƙugu da duga-dugai su yi gyambo. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin jihar Tawa ke haura digiri 40, tsofaffi kan rage shan ruwa don gudun fitsari, alhali ruwan ne ke hana robar toshewa. Fura da kunu kaɗan-kaɗan sun fi a matsa masa da tuwo.

Abin da ya fi ci wa dattawa rai sau da yawa ba zafin ba ne, tsarki ne. Mutumin da ya shekara hamsin bai bar jam'i ba sai ya ga kansa da jakar fitsari a cinya, ya yanke cewa sallarsa ba ta karɓuwa. A mazhabar Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar nan, yoyon fitsarin da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance, wanda ruwa ke cutarwa ya yi taimama, azumi kuma an ɗauke wa maras lafiya. Tsohon yana iya sanin duk wannan, amma ji daga bakin liman a bakin gadonsa ya fi kwantar masa da hankali.

Masu dubiya ma sai an yi musu tsari. Zuwansu lada ne kuma yana ɗebe wa maras lafiya kewa, amma kowane baƙo daga Tama ko Karofane sai an ba shi ruwa da abinci, kuma matar da ta kwana ba barci ita ce a bakin murhu. Kowa kuma da maganin da ya zo da shi da sunan bokan da ya warkar da wane. Ana bukatar babba ɗaya a gidan da zai iya cewa, "Mun gode, Alhaji ya samu barci," ba tare da an ji haushi ba.

Akwai saƙo na ƙarshe a cikin takardar, kuma na 'ya'yan ne. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza, baƙar fata kuma dama sun fi kowa kamuwa. A Ingila an ƙiyasta cewa ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a ɗaya cikin takwas ne. Shawarar likitoci ga irin waɗannan ita ce su fara maganar gwajin PSA daga shekara 45, wasu ma sun ce 40. A nan ɗan bida ya fi na gida dama. Abijan, Kano, Legas da Yamai duk cike suke da ɗakunan gwajin da ke auna PSA da jinin da bai cika cokali ba, a ba da sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makon da ake sayen tsaraba, kafin a hau motar dawowa noma.